Kuɗin Kan Filo

Ranar Asabar

Zuwa ga Uwata, mai sunan mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da yaranki biyu, da aikin masaukin nan naku. Mu nan ƙalau muke, ban da idona na hagu da yanar ido ta rufe, har shekaranjiya na yi wa turken shanya sallama ina zaton maƙwabcina ne.

Likita ya ce in zo babban asibitin garinku a yi min aiki ranar goma ga wata. Kwana uku zan yi. Ɗana direba zai kawo ni ya juya, ya dawo ya ɗauke ni. Na san ɗakinki ɗaya ne, ga yara, don haka ki kama min ɗaki a masaukin da kike aiki, na ƙasa, ba na son bene. A ajiye min kofi a gefen gado saboda haƙoran roba da nake jiƙawa in zan kwanta.

Sai tambaya. Abokina mai gyaran agogo ya ce a irin waɗannan wurare baƙo yakan bar wa mai gyaran ɗaki ɗan hasafi. Ni shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya, ban taɓa kwana a masaukin kuɗi ba. Yaya ake yi? Hannu da hannu ake bayarwa, ko ajiyewa ake yi? Ki rubuto min dalla-dalla, kar in je in yi ƙauyanci da furfurata. Kuma kar ki ce za ki buga min waya. Kin san halina, maganar da ba a takarda take ba, ban ɗauke ta magana ba.

Ki shafa min kan yaran.

Kawunki.

*

Ranar Laraba

Kawu,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Takardarka ta iso jiya. Allah ya ba ka lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Yara lafiyarsu ƙalau, sai ƙaramin da ya fasa goshi a bakin ƙofa, shi ma ya warke. Na kama maka ɗaki na bakwai, a ƙasa, babu matakala ko ɗaya. Kofi ma biyu za a sa maka.

Tambayarka ta ba ni dariya, don da baƙi suna tambaya kamar yadda ka yi, da mun huta. Ƙa'idar gidan nan guda ce, a rubuce take a bangon ɗakin da muke sauya kaya. Abin da baƙo ya ɗora a kan filo na wadda ta gyara ɗakin ne, ba mai tuhumarta. Abin da aka tarar a wani wuri kuwa, ko kan tebur, ko ƙarƙashin gado, ko aljihun wandon da aka bari, wannan mantuwa ce. Sai a sa shi a ambulan, a rubuta lambar ɗaki da kwanan wata, a kai wa mai karɓar baƙi ya jefa a durowar mantuwa. Wadda aka kama da mantuwa a aljihunta, ranar za ta ajiye rigar aiki.

To amma wa ke bin ƙa'ida? Wallahi Kawu, abin da idona ke gani a ɗakunan nan, in na faɗa maka duka ba za ka ci abincin rana ba. Wani zai juye canjinsa cikin farantin tokar sigari, ya murje guntun sigari a kai, ya tofa yawu. Wani ya manna cingam a jikin sulai. Makon jiya wani mai ƙatuwar mota ya bar min sulalla a kan filo, amma a naɗe cikin takardar da ya fyace majina. Sai da na fita waje na yi kakarin amai. Shi a ganinsa kyauta ya yi min! Akwai kuma masu gwaji, su na fi tsana. Su jera kwabbai a bakin taga, su fita, su dawo su ƙirga, wai su ga ko ɓarauniya aka turo musu. Ka wanke wa mutum masai da hannunka, shi kuma ya ɗana maka tarko da kuɗin da ba zai sayi ashana ba. Tir!

Wadda ta koya min aikin nan wata tsohuwa ce, muna ce mata Iyan Bene, don shekararta goma sha tara tana gyaran ɗakunan sama. Ita ko kwabo ɗaya ta tsinta a magudanar banɗaki sai ta wanke shi ta nemi ambulan. Mai karɓar baƙi har tsokanarta yake, wai ambulan ɗin ya fi abin da ke ciki tsada. Gwiwoyinta sun ƙare, da dafa bango take hawa, amma ba ta taɓa makara ba.

Kai dai kar ka wahalar da kanka, ba dole ba ne. Kuma tun yanzu ina roƙonka, kar ka zo min da irin na bara, da ka cusa min kuɗi a jaka na mayar maka. Fanshonka ko magani bai ishe ka ba. Ka taho da rigar sanyi, ɗakunan ƙasa akwai sanyi da safe.

'Yarka.

*

Ranar Litinin

Uwata,

Ina gaishe ki. Na iso gida lafiya tun mako uku da suka wuce. Ido ya buɗe, alhamdulillahi, yanzu har zaren allura nake wa matar ɗana. Na gode da abincin da kika riƙa kawo min in kin tashi aiki. Ɗakin kuwa, kullum na dawo daga asibiti sai in tarar da shi tsaf kamar ba a taɓa kwana a ciki ba. Na ce wa ɗana, wannan hannun jininmu ne.

Sai dai akwai abin da ya tsaya min a rai. Mako uku ina leƙa akwatin wasiƙa, shiru. Ban ce ki durƙusa min ba, amma layi biyu na godiya ba zai karya miki hannu ba.

Tunda kin ƙi karɓa a hannuna, sai na bi ƙa'idarku. Safiyar da zan tafi na ɗora kuɗi a kan filo, a tsakiyarsa, kamar yadda kika rubuto min, don na san abin kan filo ba a mayarwa. Wata biyar ina tsakura daga fanshona kafin su taru. Na daina shan shayi da madara saboda su. Nufina ki sauya wa yara katifa, don ɗana ya ce wadda ya gani a ɗakinki ta zama tabarma.

Ko raini ne, ko aiki ne ya sha kanki, ki sanar da ni.

Kawunki.

*

Ranar Juma'a

Kawu,

Barka da samun lafiya. Na ji daɗin labarin ido ƙwarai. Ka yafe min shirun da na yi. 'Yan wani taro ne suka cika mana masauki kwana goma, suna tafiya babban yarona ya kwanta da zazzaɓi. Ya miƙe yanzu.

Na karanta takardarka sau uku. Kawu, ba ni na gyara ɗakinka ba. Ɗaki na bakwai a layina yake, gaskiya ne, amma kunya ta hana ni. Na san abin da muke gani in mun ɗaga zanen gado, ban so in gan shi a ɗakin kawuna ba. Sai na roƙi Iyan Bene muka yi musaya, ta ɗauki naka, na ɗauki ɗaya daga nata na sama. Ba mu gaya wa manaja ba, don ba ya yarda da musaya. Ranar da ka yaba tsaftar ɗakin a gabana, ya kamata in faɗa maka, sai na sunkuyar da kai na ci yabon da ba nawa ba. Wannan laifina ne.

Da ka ga tsohuwar nan ranar da ka tafi! Ta same ni a ɗakin wanki da kuɗin a hannunta, ta ce, «'Yar nan, kawunki wane irin mutum ne? Shekara goma sha tara ban taɓa ganin haka a kan filo ba.» Ta zauna a kan bokitin da ta kife tana ta yi maka addu'a, har ta haɗa da iyayenka. Washegari ta je aka yi mata allurar gwiwa da ta shekara tana ɗagewa, ta sayi takalmi mai laushin ƙasa. Yanzu ba ta dafa bango.

Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta raya min ƙila ni ka nufa. Amma da na kalli fuskarta sai na fasa faɗa mata. Na gode, Kawu, na gode har cikin raina, kamar a hannuna suka shiga. Katifa za ta jira. Ka bar mata, ladan naka ne.

'Yarka.

*

Ranar Talata

Kawu,

Ina fatan kana lafiya. Ni dai ba lafiya ba, kuma ba zan tsaya dogon gaisuwa ba.

Me ka aikata?

Jiya da safe manaja ya tara mu duka a ɗakin sauya kaya, masu shara, masu wanki, har mai gadi. Ya zaro takarda. Tun daga nesa na gane rubutunka, wannan mai kyau da kake alfahari da shi. Ya karanta mana da ƙarfi: baƙon ɗaki na bakwai ya manta kuɗinsa a ɗaki, yana neman a binciko masa. Ka manta, Kawu? Kai da ka rubuto min da hannunka cewa a tsakiyar filo ka ɗora su?

Iyan Bene da kanta ta matso, ta ce ita ta shiga ɗakin, kuma a kan filo ta same su. Ba ta ambaci sunana ba, ta ce wucewa ta zo yi ta ga ɗakin a buɗe ta gyara. Manaja ya ce dattijo mai irin wannan rubutu ba zai zauna ya shara ƙarya ba. Ya sa aka buɗe lokar da take ajiye kayanta aka zazzage a ƙasa a gaban kowa. Ka san me ke ciki? Tsohon mayafi, man shafa na gwiwa, rabin burodi a leda, da hoton mijinta da ya rasu. Manaja yana ture su da ƙafar takalminsa kamar mai tonon bola. Wata yarinya da ta zo aiki wata biyu da suka wuce har dariya ta ƙunshe. Kai, na ji ƙyamar wurin nan, na ji ƙyamar rigar da ke jikina.

Ya ce ta cire rigar aiki, ta dawo ranar Litinin da kuɗin ko ya kira 'yan sanda. Ba ta yi kuka ba. Ta cire rigar ta ninke. Sannan ta sunkuya ta zare takalmin nan, ta ɗora masa a kan tebur, ta ce, «Ga wanda bai shiga jikina ba. Allurar kuwa ban san yadda zan zaro ta ba.» Ta fita ba takalmi.

Ni kuma ina tsaye ina kallo, ban fito na shaide ta ba. Tsoron aikina ya kama ni, da kunyar a ce kawuna ne. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in tofa wa kaina yawu.

Na sha ganin ƙazantar baƙi, Kawu. Na ɗauki sulai cikin majina, na tsamo canji daga masai. Duk wannan sabulu na wankewa. Naka ne ban san da me zan wanke ba.

Ka zauna yau ka rubuta wa manaja gaskiya. Layi biyu ya isa, ba zai karya maka hannu ba. Ka ba ɗanka ya kawo kafin Litinin.

'Yarka.

*

Ranar Alhamis

Zuwa ga 'yar ƙanwata,

Na ga takardarki. Ban taɓa zaton zan rayu in ga ranar da za ki yi min irin wannan rubutu ba.

Ki natsu ki ji. Ban ce an sata ba. Ki nemi takardar da na aika wa manaja ki duba, babu kalmar sata a ciki. Ban ce a kori kowa ba, ban ce a zazzage lokar kowa ba, wannan aikin manajanku ne. Na ce na manta ne don ita ce kaɗai hanyar da kuɗin za su dawo, ke da kanki kika koya min cewa na kan filo ba a mayarwa. Da sun dawo, ke zan aiko wa. Wata biyar na yi ina shan shayi baƙi saboda jikokina, ba saboda gwiwar wata da ko fuskarta ban sani ba. Kika ce ladan nawa ne. Ni ban yi niyyar sadaka ba, zumunci na yi niyya.

Yanzu kina so in rubuta me? In ce ni, da na yi shekara talatin da ɗaya kuɗin mutane na bi ta hannuna ba a taɓa samuna da kwabo ba, na rubuta abin da ba haka ba? Da wane ido zan kalli ɗana da zai kai takardar? Ba zan iya ba.

Tsohuwar ta kawo abin da ya samu, ko rabi ne, na yafe sauran. Sai a ce an sasanta, ta koma aikinta. Ita kuma takardata ta ranar Litinin, wadda na yi zancen filo, ki ƙona ta. Magana ce tsakanin kawu da 'yarsa. Ki tuna wanda ya yi jinyar mahaifiyarki wata huɗu lokacin da kowa ya gudu.

Kawunki.

*

Ranar Laraba

Kawu,

Ina gaishe ka. Allah ya ƙara wa idonka haske. Na lura wannan karon ba ka kira ni Uwata ba. Ba komai.

Ban manta jinyar mahaifiyata ba, kuma ba zan manta ba har in mutu. Ban manta shayinka baƙi ba ma, shi ya hana ni barci. Amma in Iyan Bene ta kawo ko kwabo ɗaya, ta amsa sunan ɓarauniya ke nan, shekara goma sha tara sun tafi a banza. Wannan ne ba ka gani ba, duk da sabon idonka.

Ban ƙona takardar ba. Ranar Litinin da sassafe na kai wa manaja, na ajiye ta kusa da ɗayar. Rubutu iri ɗaya, sa hannu iri ɗaya. Kai ka raine mu a kan cewa maganar takarda ita ce magana, to ga takardu biyu, ya zaɓa. Ya karanta, ya cire gilashi, ya ce, «Wannan kawunki ne?» Na ce kawuna ne. Ban taɓa jin nauyin kalma a bakina kamar ranar ba. Na faɗa masa zancen musaya kuma. Ya mayar da ni wankin banɗakunan zauren taro wata guda, inda babu filo balle abin kansa. Na karɓa, na amsa laifina.

An aika wa Iyan Bene ta dawo. Manaja ya ba ta haƙuri a ofishinsa, ƙofa a rufe, alhali a gaban kowa ya zazzage mata loka. Ta mayar da rigarta ta hau sama. Takalmin yana nan a kan kabad ɗin ofis, ta ƙi ɗauka, ta koma tsohon silifas ɗinta. Jiya wata baƙuwa ta bar mata kuɗi a kan filo, a tsakiya, yadda ya kamata. Na gan ta tana sa su a ambulan tana rubuta lambar ɗaki. Na ce, «Iya, ai naki ne.» Ta ce, «Haka na zata wancan karon.» Ta wuce ni. Tana amsa gaisuwata, amma ta daina ce min 'yar nan.

Sai abu na ƙarshe. Za ka ji ambulan ɗin nan da nauyi. Da manaja ya sa aka duba durowar mantuwa, sai ga ambulan mai lambar ɗaki na bakwai da kwanan watan da ka tafi, da rubutun Iyan Bene a jiki. Ashe ka yi mantuwa da gaske. Da bandeji a idonka ka juye canjin aljihunka cikin kofin da kake jiƙa haƙoranka, ka zata ɗayan kofin ne. Haƙoran ka ɗauka, sulalla uku ka bari a ƙasan ruwan, ruwan har ya yi yauƙi. Tsohuwar nan ta sa yatsunta ta tsamo su, ta kai wa mai karɓar baƙi a ranar, da kuɗin kan filo a ɗaya hannun.

Su ne kuɗin da ka manta, ga su nan. Na sake wanke su sau biyu da sabulu. Ka ƙirga, Kawu, in ba su cika ba ka rubuto.

'Yar ƙanwarka.